Ceto a turmi na tara: lissafin da ya juya akalar besbol, da sunayen masu kashe gobara

A ranar 4 ga Oktoban 2016, ƙungiyar besbol ta Baltimore Orioles ta je birnin Toronto buga wasan da duk wanda ya faɗi zai tattara komatsansa ya koma gida. Wasa ya yi kunnen doki, biyu da biyu, ya wuce turmi tara da aka saba, har ya kai na goma sha ɗaya. A cikin 'yan wasan Baltimore akwai Zach Britton, wanda a shekarar nan babu mai jifa kamarsa: sau 47 aka damƙa masa ƙarshen wasa don ya tsare nasara, sau 47 ya tsare. Koci Buck Showalter ya yi ta sauya masu jifa, ya sa mutum shida bayan wanda ya fara, amma bai kira Britton ba. Na ƙarshensu, Ubaldo Jiménez, mutum biyu suka buge masa ƙwallo a jere, na uku, Edwin Encarnación, ya maka ta ta tsallake katanga. Aka tashi biyar da biyu. Britton bai jefa ƙwallo ko ɗaya ba a daren.

Showalter ba ɗan koyo ba ne, domin a lokacin sau uku an riga an zaɓe shi gwarzon koci na shekara. Abin da ya bi ita ce al'adar da kusan kowane koci ya taso ya tarar: in ana wasa a gidan abokan hamayya, gwanin rufe wasa ba a taɓa shi sai ƙungiyarsa tana gaba da maki. Ana adana shi don lokacin da za a rubuta masa abin da ake kira ceto. Wannan ɗan gurbi da aka ware wa ceto a takardar sakamako ya fi kowane koci tasiri a kan yadda ake sarrafa masu jifan ɗauki cikin shekaru hamsin da suka wuce, kuma a ganina ɓarnarsa ta rinjayi amfaninsa, duk da cewa da kyakkyawar niyya aka kawo shi.

Ga wanda bai saba da wasan ba, besbol turmi tara ne. A kowane turmi ƙungiya ɗaya tana bugu, ɗayar tana tsaro, sai an fitar da masu bugu uku sannan a yi musanya. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da ɗoriya daga mai bugu, ya wurga ƙwallo zuwa ga mai cafka da ke tsugunne a baya. Idan mai bugu ya sami ƙwallon da sandarsa sai ya sheƙa da gudu. Akwai zango uku a gabansa, in ya zagaye su ya dawo gida an ci maki ɗaya. Jifa uku masu kyau da ya kasa bugawa, ya fita. Jifa huɗu da suka kauce wa hanya kuwa, sai a ba shi zangon farko kyauta. A riƙe wannan na huɗun, zai yi amfani idan mun zo kan sunaye.

Ɗan wasan da aka cire ba ya komawa fili a ranar. Kakar wasa a babbar gasar Amurka wasa 162 ce ga kowace ƙungiya, kusan kullum ana fili, kuma kafaɗar ɗan Adam tana da iyaka. Shi ya sa mai jifan da ya buɗe wasa, da ya kusa jifa ɗari sai a fara leƙen wanda zai karɓe shi. Masu karɓar su ne masu jifan ɗauki. Suna zaune can gefen fili a wani killataccen wuri da ake kira bulfen, suna jiran wayar koci ta yi ƙara, wani ya tashi ya ɗumama hannu, ya shigo.

Da can ba a ɗauki wannan aiki da daraja ba. Wanda ƙarfinsa ya fara ƙarewa, ko wanda bai isa ya buɗe wasa ba, shi ake turawa bulfen. Ma'aunin da ake da shi na gane gwani kuwa shi ne yawan nasara da faɗuwa da aka rubuta da sunansa, ma'aunin da aka ɗinka daidai jikin masu buɗe wasa. A 1959 wani mai jifan ɗauki na Pittsburgh Pirates, Elroy Face, ya gama shekara da nasara 18 da faɗuwa ɗaya tak, kowa na jinjina masa. Wani ɗan jaridar birnin Shikago, Jerome Holtzman, ya bi wasannin ɗaya bayan ɗaya, ya ce a goma daga cikin nasarorin nan Face ne da kansa ya bari aka farke ko aka wuce ƙungiyarsa, daga baya masu bugun Pittsburgh suka sake cin maki, ƙa'ida kuma ta ba shi nasarar saboda shi ne ke kan tudu a lokacin. Ke nan mai jifan ɗauki da ya ɓata rawarsa yana iya samun lada, wanda ya shigo ya tsare tazara lafiya lau kuma ya tafi hannu rabbana. Holtzman ya tsara sabon lissafi don gyara wannan rashin adalci, jaridar The Sporting News ta riƙa bugawa, a 1969 hukumar gasar ta amince da shi a hukumance. Rabon da a ƙara wani babban lissafi a hukumance tun 1920. Ceton farko da aka rubuta na Bill Singer ne na Los Angeles Dodgers, ranar 7 ga Afrilun 1969, kuma turmi uku cur ya jefa kafin ya same shi.

Ƙa'idar da ake bi yanzu ta 1975 ce. Dole mai jifan ya zama shi ne na ƙarshe a wasan da ƙungiyarsa ta ci, kuma ba shi aka rubuta wa nasarar ba. Sannan ya cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa uku: ko ya shigo ana gaba da maki uku ko ƙasa da haka ya jefa aƙalla turmi ɗaya, ko ya shigo alhali wanda zai iya farkewa yana kan zango ko yana riƙe da sanda ko shi ne mai biye, ko kuma ya jefa turmi uku na ƙarshe komai girman tazara. Sharaɗi na ukun ne ya haifar da abin da ya faru ranar 22 ga Agustan 2007, da Texas Rangers ta lallasa Baltimore da ci 30 da 3. Wes Littleton ya jefa turmi uku na ƙarshe, aka rubuta masa ceto a wasan da aka tashi da tazarar maki 27. A littafi, ceton nan daidai yake da na wanda ya shigo ana gaba da maki ɗaya, zango uku duk cike da mutane.

A shekarun farko lissafin bai cutar da kowa ba, domin kociyoyi ba su duba shi kafin su yanke shawara. A shekarun 1970 gwanin ɗauki ɗan kwana-kwana ake kiransa, saboda duk inda wuta ta tashi can ake tura shi, ko turmi na shida ne ko na bakwai, kuma ba ya sauka sai an tashi. A 1974 Mike Marshall na Dodgers ya shiga wasa 106, ya jefa turmi 208 da sulusi (kowane mai bugu da aka fitar sulusin turmi ne), ya karɓi kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa. Ceto nawa ya samu? Ashirin da ɗaya kacal. Ko a dubi ranar 2 ga Oktoban 1978 a filin Fenway da ke Boston, wasan raba gardama tsakanin New York Yankees da Red Sox. Rich Gossage na Yankees ya shigo tun turmi na bakwai, ƙungiyarsa tana gaba. A na takwas aka ci shi maki biyu, tazara ta dawo ɗaya, amma ba a cire shi ba. A na tara, saura fitarwa ɗaya, mutum biyu na kan zango, dattijon Boston Carl Yastrzemski ya ɗauki sanda, jama'ar gari duk sun miƙe tsaye. Gossage ya wurgo da ƙarfi, ƙwallo ta tashi sama ba nisa, Graig Nettles ya tsaya ƙarƙashinta kusa da zango na uku ya cafe. Biyar da huɗu. Irin wannan aiki Holtzman ya so a riƙa ƙirgawa.

Sauyin ya zo ne a ƙarshen shekarun 1980 a Oakland. Koci Tony La Russa ya ɗauki Dennis Eckersley, tsohon mai buɗe wasa da tauraruwarsa ta fara dushewa, ya taƙaita masa aiki: galibi turmi na tara kawai, zango babu kowa, ana gaba. Abin ya yi kyau matuƙa. A 1990 Eckersley ya jefa turmi 73 da sulusi, maki biyar kawai aka ɗora masa, mutum huɗu kawai ya ba zango kyauta duk shekara, ya tara ceto 48. A 1992 ya haɗa kyautar Cy Young da ta gwarzon ɗan wasa. Da sauran ƙungiyoyi suka ga haka sai kowa ya kwaikwaya, har da waɗanda ba su da mai jifa irin Eckersley. Daga nan alƙaluma suka kumbura, aiki kuma ya ragu. Bobby Thigpen ya yi ceto 57 a 1990. Francisco Rodríguez ɗan Benezuwela ya yi 62 a 2008 wa ƙungiyar Angels, wanda har yau shi ne mafi yawa a kaka ɗaya, cikin turmi 68 da sulusi. Wato ya ninka ceton Marshall kusan sau uku da kashi ɗaya cikin uku na aikinsa.

Shekarar 2008 ɗin ma ta nuna inda gizo ke saƙa. Rodríguez dama 69 ya samu, bakwai suka suɓuce masa. Mariano Rivera na Yankees dama 40 ya samu, ya tsare 39, kuma ta kowace fuska ya fi Rodríguez iya jifa a shekarar. Bambancin shi ne Angels ta yi ta cin wasanni da ƙaramar tazara, damar ceto ta yi ta zuwa. Yawan ceto ya fi nuna irin wasannin da ƙungiya ta buga, da wanda koci ya naɗa a turmi na tara, fiye da gwanintar mutum. Mai jifan da ya shigo ana gaba da uku, aka ci shi biyu, ya fitar da na ƙarshe da kyar da jibin goshi, ceto za a rubuta masa. Shi ya sa Joe Borowski na Cleveland ya fi kowa ceto a ɓangarensu (gasar kashi biyu ce) a 2007, guda 45, alhali ana cin sa sama da maki biyar a kowane turmi tara. Shawn Chacón na Colorado ya yi 35 a 2004 ana cin sa sama da bakwai. Abin ya zama kamar gayya: waɗanda suka sha rana tun safe sun cinye gona, wani ya zo da la'asar ya ja kunyar ƙarshe, maroƙi ya kama yi masa kirari.

Da yabo kawai ne da da sauƙi, amma akwai kuɗi a ciki. A gasar Amurka, ɗan wasan da ya yi 'yan shekaru bai kai ga 'yancin zaɓar ƙungiya ba, idan suka kasa daidaitawa kan albashi, gaban kwamitin sasanci ake zuwa, kuma kwamitin alƙaluman da aka saba da su yake dubawa. Dellin Betances na Yankees, wanda aka zaɓa cikin taurarin gasa shekara huɗu a jere daga 2014, ya nemi dala miliyan biyar a 2017, aka yanke masa uku, ƙungiyar kuma ta kafa hujja da cewa ba shi ne mai rufe wasa ba. Shi kuwa Edwin Díaz, wanda ya taɓa yin ceto 57 a Seattle a 2018, ya sa hannu da New York Mets a 2022 kan dala miliyan 102 na shekara biyar. Díaz gwani ne na gaske, ba a ja. Amma duk matashin da ya ga alƙaluman nan biyu ya san turmin da zai roƙi a ba shi, kuma kocin da ya janye mai rufewa daga turmi na tara ya san abincin mutum ya taɓa.

To, in ceto ba abin dogaro ba ne, me za a duba? Yawancin mutane sai su koma ga ERA, wato matsakaicin makin da ake ci a hannun mai jifa a kowane turmi tara, ban da wanda ya shigo ta kuskuren masu tsaro. Lissafinsa mai sauƙi ne: a ninka makin da tara, a raba da yawan turmi. Britton a 2016 maki huɗu aka ɗora masa a turmi 67, huɗu sau tara 36, a raba da 67, ya ba da 0.54. Wannan ma'auni yana da kyau ga mai buɗe wasa, amma ga ɗan ɗauki yana da rami biyu.

Na farko shi ne gadon masu gudu. Ƙa'ida ta ce duk wanda ke kan zango, in ya ci maki, a wuyan wanda ya bar shi ya hau zangon ake rataya makin. A ce mai buɗe wasa ya cika zango uku da mutane aka cire shi. Ɗan ɗauki ya shigo, aka buge masa ƙwallo, duka ukun suka dawo gida, sannan ya fitar da na ƙarshe. A takarda shi ba a ci shi ko ɗaya ba, ERA ɗinsa tas, mutumin da ke zaune a benci ne ya sha maki uku. Wanda kuma ya shigo cikin irin wannan hali ya kashe wutar gaba ɗaya, babu abin da ERA zai ƙara masa a kan na farkon. Saboda haka mai son sanin ɗan kwana-kwana na gaskiya sai ya nemi wani gurbi da ba a cika bugawa da manyan baƙaƙe ba: masu gudu nawa ya gada, nawa daga cikinsu suka isa gida.

Na biyu shi ne ƙarancin aiki. Mai rufe wasa na zamani turmi sittin zuwa saba'in yake jefawa a shekara. A turmi sittin, mummunan dare ɗaya da aka ci mutum maki shida zai ɗaga ERA ɗinsa da kusan ɗaya cur, ya bi shi har ƙarshen kaka. Wannan ne ya sa ake ganin 'yan ɗauki yau sama gobe ƙasa. Brad Lidge na Philadelphia Phillies ya yi ceto 41 cikin dama 41 a 2008, ya ƙara bakwai a wasannin ƙarshe, da hannunsa aka fitar da mutumin ƙarshe suka ɗauki kofin World Series, wato zagayen ƙarshe na gasar. Shekarar da ta biyo baya ERA ɗinsa ya tashi daga 1.95 zuwa 7.21, dama goma sha ɗaya suka suɓuce masa. Ciwon gwiwa ya taka rawa, amma ko da lafiya lau, alƙaluman turmi sittin ba su da tushen da za a gina hukunci a kai.

Masu nazari sun yi ta kawo gyara. A 1986 John Dewan da Mike O'Donnell suka fito da abin da za a iya kira riƙo, ladan wanda ya shigo a yanayin ceto ya miƙa wa na bayansa tazarar ba ta zube ba. Ya rage zafi, sai dai a kan ƙa'idar ceto aka gina shi, ya gaji cututtukanta. Akwai WHIP, wanda Daniel Okrent ya tsara a 1979, yana ƙirga mutum nawa ke hawa zango a kowane turmi ta bugu ko ta kyauta. Akwai duba kashi nawa cikin ɗari na masu bugu mutum ke fitarwa da jifa uku, da kashi nawa yake ba zango kyauta, waɗanda su ne suka fi nuna abin da zai yi baɗi, domin ba su rataya ga masu tsaron bayansa ba. Wanda ya fi burge ni shi ne ma'aunin zafin lokaci na Tom Tango. Ana duba turmi, da tazara, da yawan waɗanda aka fitar, da waɗanda ke kan zango, a auna yadda bugu ɗaya zai iya juya sakamakon wasa a daidai wannan gaɓa. Matsakaicin yanayi ɗaya ne. Turmi na tara da tazarar uku, zango babu kowa, bai ma kai ɗayan ba. Turmi na bakwai da tazarar ɗaya da mutum biyu a kan zango ya ninka shi sau da yawa. Da wannan ma'auni ake gane cewa sau tari a na bakwai ko na takwas ake yin wasan, gwani kuma yana bulfen yana jiran na tara.

Wannan duka ba rage wa manyan masu rufe wasa daraja ba ne. Rivera, ɗan masunci daga ƙauyen Puerto Caimito a Panama, ya yi ceto 652 daga 1995 zuwa 2013, na biye da shi Trevor Hoffman yana da 601. Kusan da jifa iri ɗaya ya yi wannan aiki, wata ƙwallo mai gudu da ke karkacewa a taku na ƙarshe ta ci gindin sandar mai bugun hagu, sau da yawa ta karya ta. Kowa ya san abin da zai jefo, an kasa bugawa. A wasannin ƙarshen kaka, inda ake karawa da zaƙaƙurai, ya jefa turmi 141 aka ɗora masa maki 11, ERA 0.70. A 2019 ya zama mutum na farko da duk masu zaɓe, su 425, suka amince ya shiga zauren gwarzaye na Cooperstown. Amma a dubi 1996, lokacin yana share wa mai rufe wasan Yankees John Wetteland hanya: turmi 107 da sulusi biyu, ya fitar da mutum 130 da jifa uku, ya zo na uku a zaɓen Cy Young. Bai sake jefa turmi masu yawan haka a shekara ɗaya ba. Ceton da aka rubuta masa a shekarar biyar ne.

Abin sha'awa, a watan Oktoban da aka bar Britton a zaune, kocin Cleveland Terry Francona ya nuna ɗaya hanyar. Andrew Miller, dogon bahago, shi ne gwaninsa, kuma bai jira turmi na tara ba. A wasan farko da Boston tun na biyar ya kira shi. Da suka haɗu da Toronto ɗin da ta fitar da Baltimore, Miller ya fitar da mutum 14 da jifa uku cikin turmi bakwai da sulusi biyu, aka ba shi kyautar gwarzon zagayen. A 2018 Tampa Bay Rays ta ƙara gaba, ta sa tsohon mai rufe wasa Sergio Romo ya buɗe wasa kwana biyu a jere da Angels, don ya tari manyan masu bugu tun turmin farko. A 2020 kuma hukuma ta kafa dokar cewa duk mai jifan da ya shigo sai ya fuskanci mutum uku ko ya kai ƙarshen turmi, dokar da ta kashe kasuwar bahagon da ake kira don mutum ɗaya rak.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan bahagwai shi ne Marc Rzepczynski, wanda ya ci kofi da St. Louis a 2011. Abokan wasa sun gaji da karya harshe suka laƙaba masa Scrabble, sunan wasan nan na jera baƙaƙe. Kuma ba mamaki sunaye sun yi tasiri a bulfen fiye da ko'ina a fili. Ɗan ɗauki minti goma yake yi a gaban jama'a, bana yana wannan ƙungiya baɗi yana waccan, abin da ke maƙalewa a kan ɗan kallo shi ne sunan da aka rubuta a bayan rigarsa.

Wasu sunayen kamar da gayya aka raɗa su. Grant Balfour ɗan Ostareliya ne daga Sidni, kuma idan aka furta cikakken sunansa da Turanci yana fita daidai da cewa a ba da jifa na huɗu, wato kyautar zangon nan da mai jifa ya fi tsana. Duk da haka shi ne ya yi ceto 44 a jere a Oakland, ya karya tarihin Eckersley na ƙungiyar. Bob Walk sunan mahaifinsa shi ne ainihin kalmar kyautar zangon, amma yana sabon shiga ya buɗe wasan farko na World Series a 1980 wa Philadelphia, aka kuma rubuta masa nasara. Sunan Eric Plunk yana nufin jifan mai bugu a jiki, kuma sau biyu aka yi musayarsa da fitaccen ɗan wasa Rickey Henderson, a 1984 da 1989. Scott Blewett, ɗan ɗaukin da ya fara da Kansas City a 2020, sunansa yana fita kamar an ce ya ɓarar. Homer Bailey na Cincinnati laƙabinsa shi ne bugun da ke tsallake katanga, ya kuma yi wasa biyu, a 2012 da 2013, da ba a buge masa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Akwai waɗanda suna ya bi su da alheri: na Josh Outman yana nufin mai fitarwa, na Early Wynn kuma nasarar wuri, ya yi ritaya da nasara 300 daidai.

Sai zancen hannu da yatsu. Sunan Rollie Fingers yatsu yake nufi, kuma na yanka ne. Ya yi ceto 341, amma gashin bakinsa mai murɗaɗɗen baki ya fi alƙaluman shahara, wanda ya fara tarawa a 1972 da mai ƙungiyar Oakland Charlie Finley ya yi alkawarin dala 300 ga duk ɗan wasan da ya ajiye gashin baki. Brad Hand, wato hannu, shi ya fi kowa ceto a gajeriyar kakar 2020, guda 16. Antonio Alfonseca ɗan Jamhuriyar Dominika da yatsu shida aka haife shi a kowane hannu, da a ƙasar Hausa ne Cindo zai tashi da shi. Su can El Pulpo suke ce masa, sunan dabbar tekun nan mai hannu takwas, kuma ya yi ceto 45 wa Florida Marlins a 2000. Tun kafinsa da kusan shekara ɗari akwai Mordecai Brown na Chicago Cubs, wanda injin yanka abincin dabbobi ya cinye masa yatsa yana yaro a jihar Indiyana, aka riƙa kiransa Mai Yatsa Uku. Naƙasar ce ta ba ƙwallonsa wani irin lanƙwasa da ba a saba gani ba. Da masana suka koma tsoffin takardu suka ƙirga ceto na shekarun da ba a san shi ba, sai ga Brown a kan gaba a ɓangarensu shekara huɗu a jere, daga 1908 zuwa 1911. Cikakken sunansa Mordecai Peter Centennial Brown, saboda an haife shi a 1876, shekarar da Amurka ta cika ɗari da 'yanci.

Gossage da muka ambata, ba kowa ya san sunansa Rich ba. Goose ake ce masa, wato dinya, saboda yadda yake miƙa wuya idan yana leƙen alamar mai cafka. Amurkawa kuma ƙwan dinya suke kiran sifili a allon sakamako, don haka da Nate Silver ya kawo nasa ma'aunin a 2017, na ƙirga kowane turmi daga na bakwai zuwa sama da ɗan ɗauki ya hana cin maki alhali wasa na kunnen doki ko ƙungiyarsa tana gaba da tazarar da ba ta wuce biyu ba, sai ya kira shi ƙwan dinya don girmama shi. Robb Nen mai ceto 314, sunan mahaifinsa ko ta dama aka karanta ko ta hagu ɗaya ne. Oh Seung-hwan na Koriya ta Kudu, wanda ya zo St. Louis a 2016, 'yan ƙasarsu Buddha na Dutse suke kiransa saboda fuskarsa ba ta motsi ko an ci shi ko ya ci.

Takwarori kuma sun sha rikita masu rubuta sakamako. New York Mets ta 1962, wadda ta faɗi wasa 120, tana da masu jifa biyu duka Bob Miller, ɗaya na dama ɗaya bahago, kuma ɗaki ɗaya ake ba su idan an yi tafiya. A ranar 16 ga Oktoban 2020, a wasa na biyar na neman zuwa World Series, Atlanta Braves tana gaban Dodgers da wasa uku da ɗaya, nasara ɗaya ta rage mata. A turmi na shida Atlanta ta kira bahagon ɗan ɗaukinta Will Smith. Bayan ya ba mutum ɗaya zango kyauta, wanda ya ɗauki sanda shi ne mai cafkar Dodgers, shi ma Will Smith. Mai sanda ya tsallakar da ƙwallo katanga, maki uku, Dodgers ta ci wasan, ta ci biyun da suka rage, ta je ta ɗauki kofi. Will Smith mai jifa kuwa ya dawo a 2021 ya jefa turmi 11 a wasannin ƙarshen kaka ba a ci shi ko ɗaya ba, shi ya fitar da mutumin ƙarshe Atlanta ta ɗauki kofi. A 2022 ya sake ɗauka da Houston Astros, a 2023 kuma da Texas Rangers, shekara uku a jere da ƙungiya uku dabam-dabam.